Sunayen Ciwon Baba

Litinin, 7 ga wata, huɗu da rabi na yamma

Baba, ka yi haƙuri. Na ɗauki littafinka na awo, mai baƙin bangon nan da kake gwada haruffa a ciki kafin ka ɗora su a allon shagunan mutane. Ban tambaye ka ba. Sau biyu ina tsayawa a bakin ƙofarka da niyyar tambaya, in ga ka juya fuskarka bango, sai in koma. Daga ƙarshen littafin na fara, inda babu komai, ban taɓa shafukanka ba. Na san ban kai in yi rubutu kusa da naka ba. Ka san hannuna, haruffana kullum kamar iska na kaɗa su. Amma yanzu a gidan nan ba a magana, ni kuma magana ta taru mini.

Yau kwana shida da Talatar nan. Ba zan rubuta Talatar ba.

Shago a rufe yake. Umma ta ce in riƙa share shi in na dawo daga makaranta, kada masu wucewa su leƙa su fara tambaya. Allon Mai Burodi yana jingine inda ka bar shi. Layin sama ka gama shi, GIDAN BURODI, ja a kan fari. Layin ƙasa babu komai. Buroshinka uku sun bushe a gwangwani, na jiƙa su da kananzir. Na nemi reza in kankare fentin da ya ɗiga a tebur, ban sami ko ɗaya ba. Na tambayi Umma, ta ce ta adana su. Ban sake tambaya ba.

Laraba, 9 ga wata, bakwai saura na safe

Ka sha rabin shayin. Jiya ko rabin ba ka kai ba.

Laraba, biyar na yamma

Ina wanke rigar aikinka na ji abu a aljihu. Katin asibiti ne, shuɗi, na ranar da Umma ta kai ka bayan Talatar. A ƙasa an rubuta: a dawo Alhamis, 24 ga wata, ƙarfe tara. A sama likita ya rubuta kalma ɗaya da Turanci, depression.

Na kai wa Umma a kicin. Ta dubi katin, ba ta karɓa ba.

"Gajiya ce," in ji ta. "Mutum ya shekara ashirin yana hawa tsani, ba zai gaji ba? Ajiye shi inda ido ba zai gani ba."

"Umma, ranar ashirin da huɗu fa?"

"Allah ya kai mu. Miƙo mini gishiri."

Na sa katin a cikin ƙamus ɗina, a shafin kalmar. Ma'ana huɗu na tarar. Ta farko, baƙin ciki mai nauyi da yake daɗewa, har ya zama ciwo. Ta biyu, wurin da ƙasa ta lotsa ta yi kwari. Ta uku, lokacin da kasuwa ta mutu a ƙasa baki ɗaya. Ta huɗu ta masu duba yanayi ce, wurin da iska ta yi sauƙi, daga nan hadari yake haɗuwa.

Na karanta sau uku. Ban ga gajiya a ciki ba.

Alhamis, 10 ga wata, lokacin tara a makaranta

Ina aji ni kaɗai, kowa ya fita. Ɗazu Rediyo, wadda muke benci ɗaya, ta leƙo ƙamus ɗin ta ga inda yatsana yake.

"Au, wannan? Ni ma duk ranar Litinin yana kama ni. Da na hango Malamin Lissafi ya shigo da jakarsa, shi ke nan."

Na yi dariya don ta ga na yi. Ashe akwai ma'ana ta biyar, wadda take warkewa da an kaɗa ƙararrawar tashi.

Ta ce, "Ke Shiru-shiru, babanki tafiya ya yi? Kullum in na wuce shagonku sai ya ce in rage sauti. Kwana biyu ba wanda ya rage ni."

Na ce kana hutawa.

Asabar, 12 ga wata, biyu na rana

Baffa ya zo. Tun daga ƙofar gida muka ji muryarsa. Ya shiga ɗakinka ya yaye labule.

"Mai Fenti, tashi mana. Kwanciya da rana tsaka kamar wanda ya yi noman kadada goma? Me aka yi maka? Wa ya mutu?"

Ka tashi zaune saboda yayanka ne. Na gan ka ta tsagar ƙofa, kana kallon yatsun ƙafarka. Ya yi ta magana. Ya ce sa wa rai ne. Ya ce warin fenti ne ya hau maka kai. Ya ce zaman wuri ɗaya ne. Ya ɗauki kwalbar maganinka ya jijjiga ya ce waɗannan ƙwayoyin su ne suke kwantar da kai, in sun ƙare kada a ƙaro.

A tsakar gida ya tsayar da Umma ya rage murya, amma ragin muryar Baffa irin maganar kowa ce.

"Kada ki sake ki mai da shi wurin nan. Kin san ƙofar da suka sa ku layi, kin san abin da aka rubuta a kanta. Mutum ɗaya ya gan shi a bencin nan, an gama. Ga yarinya tana tasowa. Zan aro mota ranar Alhamis ta sama, ashirin da huɗu, in tafi da shi gona. Wata biyu yana shaƙar iska, za ki ga ya dawo yana cin kwano biyu."

Umma ta ce, "To, Yaya. Allah ya saka da alheri."

Na ga kafaɗunta sun sauka. Ba ta yi barcin kirki ba tun Talatar, na sani, don haka ban ga laifinta ba. Ina tsaye da tiren kofuna. Ashirin da huɗu, Baba. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Baffa, a ƙaro shayi?"

Lahadi, 13 ga wata, goma na safe

Na ƙirga ƙwayoyin. Daidai ranar Alhamis ɗin za su ƙare.

Lahadi, huɗu na yamma

Na zauna a shago na jera sunayen da na sani, in ga wanne ne naka.

Ɓacin rai. Wannan sai wani ya yi maka abu. Ba wanda ya yi maka.

Damuwa. Mai damuwa yana kai da kawowa, yana tambaya, yana duba agogo. Umma ce mai damuwa. Kai ba ka duba komai.

Zulumi. Shi gobe yake kallo. Kai kamar babu gobe a ɗakinka, ko mai kyau ko marar kyau.

Jimami. Na bayan rashi ne, kuma mutane suna zuwa su taya ka. Mu ba wanda ya zo sai Baffa.

Kasala. Ta jiki ce, wanka da shayi suna korar ta.

Tagumi. Ko shi sai an ɗaga hannu.

Ƙunci. Wannan ya ɗan yi kusa. Amma ina jin nawa ne.

Akwai kuma sunan da Baffa yake tsoro, wanda yara suke bin mutum da shi a titi. Ba zan sa shi a littafinka ba.

Da na miƙe na lura da kujerarka. Katifar kanta ta lotsa daidai zamanka, har yanzu ba ta taso ba. Na sa tafin hannuna a wurin. Ma'ana ta biyu ke nan. Ita kaɗai na iya taɓawa.

Talata, 15 ga wata, biyar na yamma

Mai Burodi ta same ni ina shara. Ta cika ƙofar shagon, gari har gwiwar hannu.

"Akawu, ina maigidan naki? Mako biyu da buɗe shagona babu allo. Jiya wani ya shigo ya zauna ya cire hula, wai aski ya zo. Na ce to bari in ɗauko wuƙar burodi."

Na ce ba ka jin daɗi.

"Zazzaɓi?"

Na ce e. Suna na nawa ke nan, na daina ƙirgawa.

Ta ce a gaishe ka, amma ranar Asabar za ta turo a ɗauki allon, ko an gama ko ba a gama ba, ta kai wa masu bugawa da inji. Ta ajiye mini burodi ɗaya a tebur ta tafi.

Kai kaɗai kake ce mini Akawu, sai waɗanda suka ji a bakinka. Da ta faɗa sai da na waiwaya.

Laraba, 16 ga wata, bakwai na safe

Ba ka taɓa shayin ba.

Alhamis, 17 ga wata, uku na rana

Malamar Labarin Ƙasa ta zana taswira, ta rubuta kalmar nan ta katinka a tsakiyar wasu da'irori, ta ce wa zai yi bayani. Ni kaɗai na sani a ajin. Ta dube ni, don ta saba in ba wanda ya ɗaga hannu ni take kira. Na miƙe. Na ce, "Wurin da iska ta yi sauƙi." Daga nan muryata ta tsaya. Ta jira, ta jira, sannan ta ce in zauna.

Saura mako ɗaya.

Juma'a, 18 ga wata, shida saura na yamma

Na yi wani abu.

Na duba littafin nan na ga inda ka rubuta abin da Mai Burodi take so a layin ƙasa: ANA SAMUN SABO SAFE DA YAMMA. Na ce in an kai allonka wurin inji, ranar da ka tashi za ka tarar ba a jira ka ba.

Tun ina aji uku a firamare nake riƙe maka zare. Ka goga masa alli, ka ba ni baki ɗaya, ka riƙe ɗaya, ka ce "Ja da kyau, Akawu," ka ɗaga tsakiyarsa ka saki, ya bar layi miƙaƙƙe a allon. Daga nan ka ce in je in yi karatuna. Yau na gwada ni kaɗai. Na danne baki ɗaya da gwangwani, da na ja sai gwangwanin ya biyo ni. Sau huɗu. Sai na ɗauko rular makaranta na yi ta jona layin guntu-guntu.

Na fara daga hagu, yadda ake fara kowane rubutu. ANA ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. SAMUN ma ba laifi. Ina kai wa SAFE na ga allon yana ƙarewa. Na matse DA. Na rubuta YA, allo ya ƙare. Sauran haruffa ukun na ƙanƙanta su na gangaro da su ta gefe, suna saukowa kamar masu sauka daga tsani.

Na juya allon bango. Akwai jan fenti a hannun rigar makarantata.

Asabar, 19 ga wata, sha ɗaya na safe

Mai Burodi da kanta ta zo. Ta juyo allon, ta karanta, sannan ta fashe da dariya har ta dafa bango.

"Akawu, yammar tawa ce ta faɗo haka? To ai gaskiya ne, da yamma burodin ƙanana ne suke ragewa."

Ina tsaye ina so ƙasa ta tsage. Sai na ji ƙarar ƙofar da take tsakanin shago da gida.

Kai ne, ba takalmi, rigar barci a jikinka. Hasken shagon ya sa ka runtse ido. Ba ka dubi kowa ba, allon ka duba. Ka daɗe.

"Wa ya fara daga hagu?"

"Ni ce, Baba."

"Ba a fara allo daga hagu. Ƙirga haruffan za ki yi, har da guraben da ke tsakani, ki nemo na tsakiya, ki sa shi a tsakiyar allo. Daga nan ki yi dama, ki dawo ki yi hagu da baya-baya."

Shekara takwas ina riƙe maka zare ban sani ba, don kullum da an ja layi nake tafiya.

Mai Burodi ta daina dariya. Ta dube ka tun daga sama har ƙasa, ta ga abin da ta gani. Ta ce, "Malam, allo ba gudu yake ba. Masu neman askin ma suna sayen burodi kafin su fita." Ta ja ƙofa a hankali.

Ka koma ciki. Na ƙirga, kalma arba'in da wani abu ka yi. Na shiga kicin da gudu na gaya wa Umma, ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gyale.

Lahadi, 20 ga wata, tara na safe

Na zaci yau za ka fito. Na share shago sau biyu.

Litinin, 21 ga wata, biyar na yamma

Ba ka fito ba. Fuskarka bango. Umma ta fara haɗa maka kaya a jaka, riga huɗu da bargo. Ta ce, "Kin gani, da ya ga aiki ya tashi. Gajiya ce, gona za ta yi masa."

Ni abin da na gani daban. Ka tashi minti biyar, ka biya da kwana biyu.

Na shafe layina da farin fenti.

Talata, 22 ga wata, shida na yamma

Mako uku da Talatar. Gonar Baffa ba asibiti kusa, kuma Baffa yana fita tun safe ya bar gida ba kowa. Wannan nake ta tunani. Wa zai adana abubuwa a can?

Laraba, 23 ga wata, shida da rabi na yamma

Ka yi haƙuri da rubutun.

Da na dawo daga makaranta farin ya bushe. Na goga wa zare alli. Na sa katin a aljihu. Na tsaya a ƙofarka, na uku ke nan, amma yau ban koma ba.

"Baba, zaren ba ya jawuwa da mutum ɗaya."

Na ƙirga har arba'in a zuciyata. Sai ka sauko da ƙafafunka.

Ka zauna a kujerarka, daidai cikin lotsawar nan. Na miƙa maka baki ɗaya. Ba ka ce "Ja da kyau" ba, amma na ja. Ni na ɗaga tsakiya na saki. Layin ya fito, ƙurar alli ta tashi tsakaninmu.

Ban saki nawa bakin ba. Da ɗaya hannun na ciro katin na ɗora a gwiwarka.

"Gobe ne, ƙarfe tara. Baffa kuma takwas zai zo."

Ka dube shi. "Ina kika samo wannan?"

"A rigarka. Baba, na duba kalmar. Na tambayi kowa ba tare da na tambaya ba. Umma ta ce gajiya, Baffa ya ce sa wa rai, ni na ce wa Mai Burodi zazzaɓi. Kai ba a tambaye ka ba."

Ka daɗe kana murza zaren.

"Ba baƙin ciki nake ji ba, Akawu. Da shi ne, da na san inda zan kama." Ka nuna wurin da na shafe. "Kin ga nan? An shafa fari, ba a rubuta komai ba. Haka komai yake. Abinci haka, safiya haka. Ke ma in na dube ki, na san ke ce, na san ina sonki, amma sai in ji kamar a littafi na karanta."

Wannan ya yi mini zafi. Na rubuta shi don gaskiya ne, kuma don ka faɗa mini, ba ka ɓoye ba.

Ka ce, "Kin san allon da ke kan ƙofar likitan nan? Ni na rubuta shi. Shekara tara ke nan. Ina kan tsani ina kallon mutanen da ke benci, ina cewa Allah sarki. Ranar nan na ɗaga kai na ga rubutun hannuna a sama da ni."

Ban san abin da ake cewa ba. Ban iya magana irin ta manya ba. Abin da ya zo mini shi na faɗa.

"Daga tsakiya ka fara shi?"

Wani sauti ya fito ta hancinka. Ba dariya ba ce, amma maƙwabciyarta ce.

"Daga tsakiya."

Ba ka ce za ka je ba. Ka tashi ka shiga ciki. Amma katin ba ya kan kujera, na duba har ƙarƙashi.

Alhamis, 24 ga wata, takwas da kwata na safe

Ban je makaranta ba.

Baffa ya zo da mota, ya sa jakarka a baya. Ka fito da takalmi, ka taje kai. Ka tsaya a jikin motar ka ce, "Yaya, asibiti za ka fara kai ni."

"Mai Fenti, mun gama wannan maganar."

"Kun gama. Ni yanzu na fara."

Baffa ya dubi Umma. Umma ta dubi ƙasa, sannan ta shiga ciki ta fito da mayafinta da kwalbar maganin da ba komai a ciki. Ta buɗe bayan motar ta sauke jakar ta miƙo mini.

Baffa ya ce, "In an gan mu fa?"

Umma ta ce, "A gan mu, Yaya. Na gaji da adana reza."

Sun tafi da kai. Ina zaune a kan jakar.

Alhamis, biyu na rana

Kun dawo. Baffa bai shigo ba, amma ya ce wa Umma ranar komawa ta aika masa, mota ba wuya. An ƙara magani, an ba da sabuwar rana, mako biyu. Umma ta ce likita ya kira shi ciwon damuwa, ya ce ana jinyarsa kamar kowane ciwo, sai dai ba ya son gaggawa. Ta maimaita sunan sau biyu a kicin, a hankali, kamar mai gwada sabon takalmi.

Ka wuce ɗaki ka kwanta. A ƙofa ka ce, ba tare da ka juyo ba, "Allon nasu ya koɗe."

Juma'a, 25 ga wata, biyar na yamma

Rabin shayi yau. Ba ka fito ba. Na daina zaton kullum sai an fito.

Na ƙirga layin Mai Burodi, haruffa da gurabe, ashirin da takwas. Tsakiya ta faɗa a ƙarshen SABO. Na sa ɗigon alli a wurin, ban taɓa fenti ba.

Shafi biyu suka rage tsakanin rubutuna da naka, don na taho daga baya kai kuma ka tsaya a gaba. Zan ajiye littafin a kan kujerarka, inda ba za ka zauna ba sai ka ɗaga shi. In ka karanta ka ga na yi rashin kunya, ka yage nawa, ba zan ji haushi ba.

In kuma ba ka yage ba, Baba, ina neman izini. Ka bar ni in sake rubutawa, a nan da kuma a allon. Ba sai ka yi magana ba. In na dawo daga makaranta na tarar da zaren a kan littafin, na gane.